Matar da ke Bayan Naira Ashirin

Karatu: Matiyu 25:14-30, Fitowa 35:25-26



Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, muka zauna tare da matasan da ke taya dattawa ƙirga baiko. Kun san yadda kwanon baiko yake a yawancin majami'unmu: manyan takardu kaɗan ne, ƙananan ne suka cika shi. Muka ɗauki naira ashirin guda, muka juya bayanta, muka tambaye su ko wace ce wannan mata da ta sunkuya a kan tukunya. Duk sun san mutumin da ke gaban takardar, Janar Murtala Muhammad. Amma matar da ke baya, sai aka yi shiru. Ɗaya ya ce wata mai sayar da randa ce. Wata ta ce zane ne kawai na ado. Mutum ɗaya ne cikinsu ya ce, "Fasto, kamar Ladi Kwali ce, amma ban san abin da ta yi ba."

Ba mu ga laifinsu ba. Mu ma mun daɗe muna kashe wannan takarda ba tare da mun kula ba. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole, don haka yau muna so mu yabi waɗansu gwanaye mata na ƙasarmu. Bayan yabon kuma akwai wani laifi namu da za mu furta a gabanku, domin idan muka tsaya a tafi kawai, ba mu yi muku gaskiya ba.

Mu fara da mai tukunyar. An haifi Ladi Kwali wajen 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, inda ginin tukwane aikin mata ne. A hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi sana'ar tun tana yarinya. Da hannu take gina randa, tana zagaya yumɓun tana ɗora shi kaɗan-kaɗan, sannan ta zana kunama, ƙadangare, kada, kifi ko tsuntsu a jikinta. Aikinta ya yi kyau har Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaiman Barau, ya riƙa ajiye tukwanenta a fadarsa. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta dā, wadda ake kira Suleja yanzu, ita ce kuma mace ta farko da ta zama maginiya a wurin. Aka nuna tukwanenta a Landan, ta je Turai da Amurka tana gina tukunya a gaban jama'a. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a 1984.

Duk lokacin da muke koyar da Irmiya sura 18 a kwalejin tauhidi, inda Allah ya aiki annabi gidan maginin tukwane don ya koya masa darasi, mukan tuna wa ɗalibai cewa a garuruwanmu da yawa mai wannan aikin mace ce. Allah bai ji kunyar kwatanta kansa da mai wannan sana'a ba. A Fitowa 35 kuma, lokacin da ake shirya alfarwa ta sujada, an rubuta labarin mata gwanayen kaɗi da suka kawo aikin hannuwansu. Ba a ɗauki gwanintarsu ƙaramin abu ba, an sa ta cikin Littafi Mai Tsarki, muna karantawa har yau.

Daga yumɓun da ke bisa ƙasa, bari mu gangara ƙarƙashinta. Matasanmu na Filato, ko kun san cewa a Jos aka haifi Farfesa Deborah Ajakaiye a 1940? Ta karanci fiziks a Jami'ar Ibadan, ta ƙaro ilimi a Ingila, ta sami digirin dakta a Jami'ar Ahmadu Bello a 1970. A 1980 ta zama farfesa, mace ta farko a Afirka da ta kai wannan matsayi a fannin fiziks. Ta koyar a Zariya da Jos. Aikinta shi ne gano abin da ke ɓoye a cikin ƙasa ba tare da an haƙa ba. Ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi yana bambanta kaɗan daga wuri zuwa wuri, gwargwadon nauyin duwatsun da ke ƙarƙashi. Idan aka auna wannan bambanci a wurare da yawa aka zana taswira, sai masana su fahimci yadda cikin ƙasa yake, da inda ya kamata a nemi ma'adinai. Ita da ɗalibanta sun zaga sassan Najeriya suna wannan awo. Karin Magana 25:2 tana koya mana cewa Allah yakan ɓoye al'amura, kuma binciko su aiki ne mai daraja irin na sarakuna. To, ga 'yar Jos ta yi aikin sarakuna da na'urar awo a hannunta.

Ta uku, yawancinku kun isa tunawa da zamaninta, ko da kuna yara. Kun tuna 2014, lokacin da aka ajiye bokitin ruwa da sabulu a ƙofar majami'u, aka daina gaisawa da hannu? A ranar 20 ga Yuli na shekarar, wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka Legas ba shi da lafiya, aka kai shi wani asibiti a Obalende. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin cutar Ebola ce, alhali ba a taɓa ganin cutar a Najeriya ba. Mutumin ya nace sai ya fita, aka kuma matsa wa asibitin lamba a sake shi ya halarci wani taro a Kalaba. Ta ƙi. Gwaji ya tabbatar da zarginta. Ita kanta ta kamu da cutar, ta rasu a ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a ƙasar baki ɗaya, 8 suka mutu, sannan a ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da Ebola. Ku yi tunanin abin da zai faru da a ce mutumin ya shiga cikin cunkoson Legas, ko ya hau jirgi zuwa Kalaba, ga motoci suna tasowa kowace rana zuwa Jos, Kaduna, Yola da Maiduguri. Wannan likita daga zuriyar Bishop Samuel Ajayi Crowther ta fito, ta wajen Herbert Macaulay. Labarinta yakan tuna mana da Shifra da Fu'a, ungozoman nan biyu na Fitowa sura 1, waɗanda suka ƙi bin umarnin mai iko domin rayuka su tsira. Amma ku lura da abu ɗaya: ƙarfin hali kaɗai bai isa ba a ranar. Sai da ta yi shekaru tana karatu da aiki kafin ta iya duban marar lafiya ta gane abin da wasu ba su gane ba. Wani ya biya mata kuɗin makaranta, kuma ta wannan hanya Allah ya kāre gidajenmu.

Ta huɗu Musulma ce, kuma muna ambatonta da girmamawa. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta tashi a Zariya. Karatunta bai wuce firamare ba, an yi mata aure tana ƙarama. Tun tana matashiya ta shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, ta riƙa tsayawa a bainar jama'a tana neman a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, a sa 'ya'ya mata a makaranta, a daina aurar da yara. Ta sha duka, ta sha ɗauri sau da yawa. Matan Kudu sun riga sun fara zaɓe tun kafin samun 'yancin kai, amma matan Arewa sai a 1976 aka ba su wannan dama. Wato iyayenmu mata da yawa sun yi aure sun haihu ba su da ikon zaɓen wanda zai mulke su. Kowace 'yar zumuntar mata da ke riƙe da katin zaɓe a yau, akwai rabon wahalar wannan mata a cikin katin. Ta rasu a 2001, akwai kuma babban asibiti a Zariya da ke ɗauke da sunanta. Littafin Ƙidaya sura 27 ya ba mu labarin 'ya'yan Zelofehad mata su biyar, da suka tsaya gaban Musa da shugabanni suka nemi gādon mahaifinsu. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji ya ba su gaskiya, aka kafa doka sabuwa saboda su. Neman hakki a gaban hukuma ba baƙon abu ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. Idan kuma wani ya yi mamakin fasto yana yabon wadda ba ta cikin ikilisiya, ya duba Ishaya 45 ya ga yadda Allah ya yi aiki da Sairus, ya kuma tuna da Yakubu 1:17, cewa kowace baiwa mai kyau daga wurin Uba take.

A cikin gidanmu na bangaskiya ma muna da su. Dakta Rebecca Dali ta Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya ta kafa ƙungiyar kula da gwauraye, marayu da 'yan gudun hijira, ta kuma riƙa tattara sunayen waɗanda rikicin Boko Haram ya kashe ko aka sace, don kada a manta da su. A 2017 aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello saboda wannan aiki.

Har nan maganar tana da daɗin ji. Yabon wanda duniya ta riga ta yaba ba shi da wuya, ba ya cin mana ko kwabo. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ga namu.

Lokacin da muka gama makarantar Littafi Mai Tsarki, aka tura mu wata ƙaramar ikilisiya a ƙauye. Ba mu cika shekara talatin ba, sabon aure, ga tsoron dattawa. Akwai wata yarinya a zumuntar matasa da ke koyar da yara a makarantar Lahadi, ita ce kuma ke riƙe da lissafin kuɗin 'yan waƙa. Idan ma'ajin ikilisiya ya ruɗe da jimilla, ita yake kira a ɓoye ta gyara masa. Malamanta na sakandare sun ce ba su da kamarta a lissafi da kimiyya. Mahaifinta dattijo ne a ikilisiya, manomi, mutumin kirki. A shekarar nan masara ba ta yi kyau ba, abin da ya samu mutum ɗaya kawai zai iya kaiwa gaba. Ya zaɓi ƙaninta.

Wata yamma ta zo gidanmu da takardar sakamakon jarrabawarta a ninke cikin Littafi Mai Tsarki. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta miƙa takardar, ta ce, "Fasto, don Allah ku yi wa Baba magana. Ko shekara ɗaya ce ya bar ni in gwada." Muka duba takardar, muka ga abin da ke ciki, muka mayar mata. Muka ce ta yi haƙuri, ta yi biyayya ga iyaye, mu sa abin cikin addu'a. Muka yi addu'ar kuwa, mai tsawo. Ta ce amin, ta yi godiya, ta tafi. Ba mu je wurin mahaifinta ba. Ba mu kawo maganar a majalisar dattawa ba. Mun ji tsoron a ce sabon fasto yana shiga sha'anin gidan mutane.

A wannan shekarar dai, 'yan'uwa, ikilisiyar ta yi gidauniya ta sayi sabbin lasifika da janareta. Mu muka jagoranci gidauniyar, da wa'azi mai zafi a kan bayarwa. Abin da aka tara ya ninka abin da yarinyar take bukata don ta fara karatu. Ko sau ɗaya bai zo mana a rai mu haɗa waɗannan abubuwa biyu ba. Ba a daɗe ba aka ɗaura mata aure, mu muka ɗaura, da sabbin lasifikan.

Shekaru suka wuce, aka sauya mana wurin aiki, har muka dawo koyarwa. Sai wani lokaci aka gayyace mu yin magana a babban taron zumuntar mata. Bayan an tashi, wata mata cikin anko ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba Fasto, ba ku gane ni ba?" Ita ce. Ita ce ma'ajin zumuntar mata ta yankinsu, littafin lissafi a hannunta, tsaf. Tana da gida mai albarka, tana sayar da hatsi, ba ta riƙe mu da komai a zuciya ba. Muka yi ta gaisawa. Da za mu rabu sai ta ce, "Baba, 'yata ta fari tana ajin ƙarshe a sakandare. Ita ma lissafi take so kamar ni. Idan na aiko ta wurinku, ku yi mata addu'a, amma don Allah kada ku tsaya a nan."

Daren nan ba mu yi barci sosai ba. Muka buɗe Matiyu 25, misalin talanti, wanda muka yi wa'azi a kansa ba adadi. Kullum mukan tsawata wa bawan nan da ya haƙa rami ya binne abin da ubangidansa ya ba shi. A ranar ne wata tambaya ta kama mu: idan ba mai talantin ne ya haƙa ramin ba fa? Idan yarinya ta ɗauko talantinta da hannu biyu tana neman kasuwar da za ta juya shi, sai uba ya haƙa ramin don talauci, dattawa suka tura ƙasa don al'ada, fasto kuma ya tsaya a kai ya yi addu'ar rufewa, wa Ubangida zai tambaya ranar lissafi? Talantin nasa ne. Shi ya ba ta, kuma bai nemi shawararmu ba kafin ya ba mace.

Ku fahimce mu da kyau. Ba mu ce rayuwar wannan 'yar'uwa ta lalace ba. Aure abu ne mai tsarki, renon 'ya'ya aiki ne babba, kuma ikilisiyoyinmu a kan kafaɗun irin waɗannan mata suke tsaye. Addu'a ma ba ƙaramin abu ba ce. Laifinmu shi ne mun mai da addu'a maɓoya, muka fake a bayanta don kada mu yi abin da ke cikin ikonmu. Yakubu sura 2 ta yi magana a kan wanda ya sallami mai jin yunwa da fatan alheri bai ba shi abinci ba. Mun san wannan nassi, mun haddace shi, amma ba mu gane kanmu a ciki ba.

Akwai masu cewa wannan magana ta ɗaukaka mata ra'ayin Turawa ne da zai rushe gidaje. Muna roƙonsu su sake karanta Karin Magana 31, wadda ake karantawa a kowane bikin aure. Matar da aka yaba a wurin tana duba gona ta saya, tana ciniki, tana saƙa, tana ba da shawara mai hikima, tana taimakon matalauta, mijinta kuma bai ragu da komai ba, sai ma girma da ya ƙaru masa a bakin ƙofar gari. Debora ta yi shari'a a Isra'ila. Lokacin da aka tsinci littafin Shari'a a zamanin sarki Yosiya, wurin annabiya Hulda aka aika manyan mutane su nemi bayani. Lidiya 'yar kasuwa ce, a gidanta kuma masu bi na Filibi suka taru. Duk waɗannan suna cikin Littafin da muke riƙe da shi tun kafin a haifi kowannenmu.

To me za mu yi? Muna da roƙo uku.

Ga 'yan'uwanmu mata: kada ki raina abin da Allah ya sa a hannunki, ko lissafi ne, ko zane, ko ɗinki, ko waƙa, ko iya tsayawa ki yi magana a madadin marasa murya. Ladi Kwali da yumɓun garinsu ta fara. Ki yi aikinki da kyau har ya zama ba a iya kau da kai daga gare shi. Idan ƙofa ta rufe, ki yi magana cikin ladabi, ki sake yi, ki nemi Mama Fasto, ki nemi shugabar zumuntar mata, ki nemi malaminki. Neman taimako ba rashin biyayya ba ne.

Ga 'yan'uwanmu maza: da yawa cikinku kun yi karatu ne domin wata yaya ko ƙanwa ta haƙura, ta yi talla, ta yi noma, ta zauna a gida. Ka tambayi mahaifiyarka yadda aka yi aka biya kuɗin makarantarka, wataƙila amsar za ta ba ka mamaki. Idan haka ne, akwai bashi a kanka. Ka biya shi a kan 'ya'yanta, ko a kan ita kanta idan har tana son komawa. Kai kuma mai neman aure, idan ka yi wa budurwa alkawari a gaban iyayenta cewa za ta ƙarasa karatu a gidanka, ka sani Allah ya ji. Mun ga alkawura irin wannan da yawa sun mutu a wata na uku.

Ga zumuntar matasa baki ɗaya: a taronku na gaba, ku zauna ku rubuta sunayen 'yan matan ikilisiyarku da suka gama sakandare ko suka fara koyon sana'a suka tsaya. Ku bincika abin da ya tsayar da kowace ɗaya. Sau da yawa abin bai kai yadda ake zato ba: kuɗin rajistar jarrabawa, kuɗin mota zuwa wurin gwaji, keken ɗinki, ko kuma wani babba da zai je ya zauna da uba su yi magana ta fahimta. Idan za ku iya tara kuɗin anko da na sansanin matasa, za ku iya ɗaukar nauyin mutum ɗaya a shekara. Idan kuma fastonku ya ce a sa abin cikin addu'a, ku ce amin, sannan ku tambaye shi cikin girmamawa wace rana za ku raka shi gidan.

'Yar wannan 'yar'uwa ta zo kamar yadda uwarta ta faɗa. Wannan karon mun je gidan, mu da Mama, mun zauna da mahaifinta, zumuntar mata ta sa hannu, kawunta da aka zaɓa a wancan lokaci shi ma ya ɗauki rabonsa da hawaye. Yanzu tana jami'a. Muna gode wa Allah, amma ba mu ruɗi kanmu ba: wannan bai mayar wa uwar shekarunta ba. Abin da za ta zama da a ce mun tashi mun taka zuwa gidan dattijon nan a wancan yammacin, Allah kaɗai ya sani.

Lahadi mai zuwa, idan naira ashirin ta zo hannunka, ka juya bayanta ka faɗa wa na kusa da kai sunan matar. Sannan ka ɗaga kai ka dubi layin 'yan waƙa da bencin 'yan mata, ka tambayi kanka wace ce a cikinsu take riƙe da takarda a ninke cikin Littafinta tana jiran wanda zai yi magana.

Mu yi addu'a.

Ya Uba, Mai ba da kowace baiwa, mun gode maka domin matan da ka yi aiki ta hannunsu ka warkar, ka koyar, ka ƙawata, ka kuma kāre ƙasarmu. Ka gafarta mana inda muka binne abin da ka ba 'ya'yanka mata, ko don tsoro, ko don al'ada, ko don rashin kula. Ka buɗe idanunmu mu gan su, ka ba mu ƙarfin hali mu tashi mu yi abin da ke cikin ikonmu. Ka albarkaci kowace yarinya da ke karanta wannan, ka cika nufinka a kanta. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.